Kafin ka taɓa firewall, fara ɗaure adireshin na'urorinka

Masu shaguna a Agege da Alaba Rago da ke kirana wai firinta ta ƙi aiki bayan NEPA sun ɗauke wuta, wallahi yawanci lafiyarta lau, rawuta ce, wato na'urar da ke raba intanet, da ta tashi ta sake rabon adireshi, lambar da ake gane kowace na'ura da ita, wadda jiya take 192.168.0.105 yau ta koma 112, kwamfuta kuma tana can tana sallama a tsohon gida.

To ga yadda nake yi. Buɗe burauza ka rubuta adireshin rawutar, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in ƙaramar Huawei ce mai sim gwada 192.168.8.1, in duk sun ƙi juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Kana shiga canza fasuwod, don Allah a daina barin admin admin ɗin nan.

Sai ka wuce DHCP, sashen da ke rabon adireshi, ka taƙaita rabon daga 100 zuwa 199, na wayoyi da baƙi kenan. Firinta da na'urar kyamarori da kwamfutar lissafi kuwa, kwafo lambar MAC ta kowacce, wato lambar shaidar da ta zo da ita daga kamfani, ka ɗaure ta da adireshi guda a Address Reservation, kamar 10, 11, 12, amma wasu rawutocin sai lambar tana cikin rabon suke karɓa, in ta ƙi sai ka zaɓa daga ciki. Waya kuma tun daga Android 10 da iOS 14 tana ɓoye MAC ɗinta na asali, sai ka kashe wannan a saitin wayfay ɗin kafin ka ɗaure ta.

Yanzu ne firewall, mai gadin da ke tace abin da zai shiga da fita bisa dokokin da ka rubuta masa, zai yi amfani, don dokar da ka rubuta wa 105 banza ce in gobe wayar yaron shago ce a wurin. Kashe remote management (shiga saitin rawuta daga waje) da UPnP (na'urori su buɗe wa kansu ƙofa) da WPS (shiga wayfay ba tare da rubuta fasuwod ba). In kana son kallon kyamara daga gida buɗe port ɗin, wato ƙofar shiga daga waje, da take buƙata kaɗai, kodayake a layin sim sau da yawa ba ya yi saboda kai da mutane da yawa kuke raba adireshin waje ɗaya.

Masu rawutar MikroTik ku kula, daga sama zuwa ƙasa take karanta dokoki, wadda ta fara dacewa ita za ta yi aiki, saboda haka dokar established da related, mai barin haɗin da aka riga aka fara ya wuce, a sama, ta drop mai toshewa can ƙarshe. Kuma danna Safe Mode a Winbox, manhajar saita ta, tukuna, shi ke soke canjin da ka yi in haɗinka ya yanke, ni na taɓa kulle kaina a waje sai da na sha go-silo har Ikeja na je na mayar da rawutar saitinta na farko da hannu.

In ka gama ajiye bakof, wato kwafin saitin, zare wutar rawutar ka mayar, ka duba ko firinta tana nan a 10.