Kafin ka nemi bizar aiki ta intanet, duba takardar bankinka

Ƴan uwa masu aiki ta intanet a nan Maraɗi, in kana tunanin neman bizar da za ta ba ka damar zama a Dubai ko tsibirin Moris kana ci gaba da aikinka ta intanet, fara da abu ɗaya: ka sa duk kuɗin aikinka su riƙa shiga asusun banki da sunanka.

Dalili kuwa, wuraren biyu shaidar samu suke dubawa, wato takardar banki mai nuna kuɗin da ke shiga asusunka. Dubai na neman dala 3,500 a wata, wajen miliyan 2 na sefa ke nan, kuma ana biyan kuɗin biza. Moris dala 1,500 a wata take nema, bizarta ta shekara ɗaya kyauta ce, ta intanet ake cikewa. Ga faransanci kuma ana ji can, wanda a ganina ya fi mana sauƙi.

Kuɗin da aka turo maka ta wurin masu aika kuɗi na bakin kasuwa, ka karɓa hannu da hannu, ba za su fito a takardar banki ba, ko nawa ne. Ka soma gyarawa tun watanni kafin neman.

Amma dabarar ba ta aiki in masu biyanka suna cikin ƙasar da za ka. Dole samunka ya fito daga waje. Kuma ka lissafa kuɗin jirgi, don daga Yamai sai an canja jirgi kafin a kai Moris.