Kurakuran da masu ƙaramin ƙarfi ke yi da manhajojin tara maki

Abin ya ishe ni: mutum ya sauke manhajar kanti, mai ba da maki kan sayayya a musanya da kyauta, don ya rage kashe kuɗi, wata ya ƙare ya tarar ya kashe fiye da da. Wurin faɗuwar kuma kusan ɗaya ne kullum.

Mafi muni shi ne sayayya don maki. Manhajar za ta nuna maka ma'aunin makinka da ya kusa cika, ta ce saura ƙiris ka samu kyauta, ko ta turo saƙo cewa garaɓasar yau ce ta ƙarshe. Da gangan aka tsara ta haka, domin mutum yana ƙara sauri idan ya hango ƙarshen hanya. To, zauna ka yi lissafi. A ce tsarin yana mayar maka da 1 cikin kowane 100 da ka kashe. Ka ɗauki kayan 100 da ba ka zo saye ba, ka samu 1, sauran 99 sun fita daga kuɗin abincin gida. Wace riba ce wannan? Mai hali ba zai ji a jikinsa ba, amma kai da kake auna kowane kwabo, da kuɗin jibi ka biya kyautar yau. Ni dai shawarata: rubuta abin da za ka saya tun daga gida, kashe sanarwar manhajar a saitin waya, kada ka buɗe ta sai ka iso wurin biya.

Na biyu, sakaci da layin waya. Asusun manhajoji da yawa a lambar waya suke rataye. Ka jefar da layin ko ka daɗe ba ka amfani da shi, kamfanin sadarwa ya sake ba wani, lambar shiga ta koma wayar baƙo, makinka ya bi ta. Haba! Kafin ka sauya layi, shiga asusun ka sauya lambar tun tsohon yana hannunka, ka haɗa da imel. Kuma kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da aka turo, ko da ya ce daga kantin yake kira.

Maki yana da wa'adi a tsare-tsare da dama. Duba ranar ƙarewa, ka cire ƙaramar kyauta da zarar ta isa; jiran babba na masu yawan sayayya ne.

Wasu rangwamen sai ka danna su a manhajar kafin biya, in ba haka ba cikakken farashi za a caje ka. Duba rasit tun ba ka bar wurin ba.

Hana manhajar jan data a ɓoye, ka sabunta ta inda akwai Wi-Fi. Idan ta nemi lambobin mutanenka ko hotunanka, ka ƙi. In wayar ba ta da wuri ko caji na yawan ƙarewa, tambayi mai karɓar kuɗi ko faɗin lambar wayarka kawai ya wadatar, ko suna da kati na hannu.