Darasi na 7: Ɗaukaka Ƙara Bayan Hukuncin Kisa

Idan Babbar Kotun Jiha ta sami mutum da laifin kisan kai ta yanke masa hukuncin kisa, ba a nan magana ta ƙare ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba shi haƙƙin ɗaukaka ƙara, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Abin da ya fi cutar da iyalai shi ne jinkiri. Ana ta koke-koke da neman manya su sa baki, kwanaki kuwa suna tafiya. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar hukunci domin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. In can ma aka tabbatar da hukuncin, saura Kotun Ƙoli da ke Abuja, amma ita kwana 30 kacal ta bayar. Saboda haka rubuta ranar hukuncin a takarda, ka adana.

Ana shigar da takardar ɗaukaka ƙara a ofishin rajistaran kotun da ta yi shari'ar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 domin marasa hali.

Kada ka zaci za a sake kiran shaidu. Alƙalan sama karanta abin da aka rubuta a kotun ƙasa suke yi, su duba inda alƙali ya kuskure. Shin da duka aka sa shi ya amsa laifi? Kare kansa ya yi? Shaidu sun saɓa wa juna? Irin waɗannan ne lauya zai gabatar. "Yana da 'ya'ya ƙanana" ba hujja ba ce a nan, roƙo ne, roƙo kuwa wajen gwamna ake kai shi, don shi ke da ikon afuwa ko sassauci.

Kotu tana iya tabbatar da hukunci, ko ta rage shi, ko ta sallami mutum, ko ta ce a sake shari'a.

Muddin ƙara tana gaban kotu, ba a zartar da kisa. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta kashe wani da aka yanke wa hukunci kan fashi da makami alhali ƙararsa ba ta ƙare ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an karya doka.

Aikin aji:
1. Kwana nawa ake da su kafin zuwa Kotun Ƙoli?
2. A ina ake shigar da takardar ɗaukaka ƙara?
3. An yanke hukunci ranar 1 ga Maris. Lissafa ranar da kwana 90 za su cika.