Kurakuran da masu buga gem ke yi idan suka ɗauki tarihi daga allo

A watan Agusta na 2021 aka saka Hausawa cikin Age of Empires III, da Sarauniya Amina a matsayin shugaba. Civilization VII da ya fito a farkon 2025 shi ma da Amina ya zo. Victoria 3 kuwa, wanda ke farawa daga 1836, Daular Usmaniyya ce zaune a taswirarsa da sunan Sokoto, kuma kana iya ɗaukarta ka mulka. Dole samarinmu na Sakkwato masu buga waɗannan wasanni a laftof su ji daɗi, ni ma na ji. Inda gizo ke saƙa shi ne a majalisa, lokacin da musun tarihi ya taso sai ka ji wani ya ce "ai haka yake a gem". Kurakuran da ke fitowa daga nan ba su da yawa, amma kullum su ake maimaitawa.

Babbansu shi ne yarda da launin taswira. Wasan kafa daula yana shafa wa ƙasa fenti guda daga iyaka zuwa iyaka, sai mai wasa ya ɗauka duk abin da ke ciki yana jin magana ɗaya, yana biyan haraji wuri ɗaya. Mu da ke zaune a cibiyar daular bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tuta ya riƙa ba malamai, kowa ya koma yankinsa ya yi nasa yaƙin, shi ya sa Kano da Katsina da Bauchi da Adamawa suka tashi da sarakunansu, masu aiko da gaisuwa da karɓar naɗi daga Sarkin Musulmi, amma mulkin yau da kullum a hannunsu yake. Ita kanta daular kashi biyu aka yi ta: gabas wajen Muhammadu Bello a Sakkwato, yamma wajen Abdullahin Gwandu, har da Nupe da Ilori.

Sannan ga waɗanda ba su sallama ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su ƙare ba, sun sake taruwa har suka kafa Tsibiri. Katsinawan da aka kora suka zauna Maraɗi, sarautar Haɓen Zazzau ta koma Abuja wadda yau ake kira Suleja, dutsen Ningi ya gagari Kano da Bauchi shekara da shekaru. A shekarar da Victoria 3 ke buɗe taswirarsa, wato 1836, Bello yana filin daga a Gawakuke yana gwabzawa da taron Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa. Kabawa ma, nan kusa da mu, sun tayar da kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Argungu ta zauna da 'yancinta har zuwan Turawa. Ba don irin waɗannan abokan gaba ba me zai sa Bello ya bar birnin da ya gina a 1809 ya tare a ribaɗin Wurno, har ya rasu a can a 1837? Gyaran wannan kuskure tambaya uku ne duk lokacin da ka ga launi ya mamaye wuri: wa ke naɗa sarkin garin, ina kuɗin ƙasa ke tafiya, kuma shin fatake na bin hanyar ba tare da rakiya ba. Haka za ka yi wa taswirar Mali da Songhai, da ta Rum ma.

Na biyu shi ne ɗaukar shugaban da ke allo a matsayin sarkin al'ummar baki ɗaya. A jerin Civilization an daɗe ana ba Gandhi mulkin Indiya tun daga shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zamanin roka, alhali bawan Allah bai taɓa riƙe gwamnati ba. Amina ta Zazzau ce, kuma masana tarihi ba su ma daidaita kan ƙarninta ba, wasu na cewa na 15, wasu na 16. Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama masarauta ɗaya ƙarƙashin sarki ɗaya ba kafin jihadi. Kano da Katsina sun daɗe suna yaƙar juna, Gobir ta ci Zamfara, Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askia na Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa nasa ƙarfin a Surame. Kamfani na buƙatar fuska ɗaya da zai sa a talla, shi ke nan. Ni a ganina da Kanta suka ɗauko da labarin ya fi armashi, amma wannan son gida ne.

Akwai wani reshe na wannan kuskuren. Crusader Kings III ya ajiye Daurama a Daura a shekarar 867 cif. Labarin Daurama da Bayajidda ta baki ya iso mana, babu wata takarda ta zamanin da ta tsayar da wannan shekara. Wasan yana farawa daga 867, dole a ba kowa ranar haihuwa. Duk inda ka ga shekara tsaf a kan mutumin da tarihin baka ya adana, ka ɗauke ta a matsayin zaɓin masu wasan.

Sai batun mayaƙa na musamman, wanda shi ya fi jan samari. Kowace al'umma a wasa ana ba ta soja guda da babu mai irinsa, sai mai wasa ya ɗauka da shi aka san ta. A Age of Empires II, Mali na da Gbeto, mata masu jifa da wuƙaƙe. Ba daga Mali aka samo su ba, daga matan yaƙin Dahomey ne, a kudancin Jamhuriyar Benin ta yau, ɗaruruwan shekaru bayan Mansa Musa ya yi hajjinsa na 1324. Mahayan Mandekalu kuwa Songhai aka ba a Civilization V, a na VI aka mayar da su Mali. Sunan da ke yawo haka tsakanin dauloli ba hujja ba ne.

Ɗan lifidin da ke cikin Age of Empires III gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Lifidi auduga ce ake cusawa a ɗinke, a lulluɓe doki da mahayi don kibiya ta kasa huda su, har yanzu ana ganinsa a hawan Sallah. Kuskuren shi ne zaton cewa rundunar Hausa duk 'yan lifidi ne, ko kuwa mai sojan da ya fi tsada shi ke da nasara. Lifidi na da nauyi, yana gajiyar da doki cikin zafi, wuta kuma abokiyar gabarsa ce. Mafi yawan rundunar 'yan ƙasa ne masu kwari da baka da mashi. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Yunfa Sarkin Gobir ne ke da dawaki da lifida, jama'ar Shehu dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, amma 'yan baka suka ci yaƙin. Watanni kaɗan bayan nan a Tsuntsuwa jama'ar ta yi asarar malamai da mahaddata masu yawa. Lissafin ƙarfi da garkuwa na wasa ba zai fito maka da waɗannan sakamako biyu a jere ba. In kana son sanin soja, nemi yaƙi guda mai suna da shekara ka karanta yadda ya gudana.

Tsanin fasaha shi ma yana yaudara. Wasa na jera ci gaba a layi ɗaya: ƙarfe, albarushi, masana'anta, kowa ya bi hanyar da Turai ta bi, wanda bai bi ba a ce yana baya. Bindiga ta yi aiki, babu musu, yaƙin Tondibi na 1591, inda 'yan bindigar Maroko suka karya Songhai, shaida ne. Amma abubuwan da suka riƙe ƙasar nan ba su da gurbi a tsanin: marinar Kano, jimar fatar jar akuya, gishirin Bilma, goron Gwanja, da makarantun 'Yan Taru da Nana Asma'u ta shimfiɗa wa mata ta hannun jajis, wato mata malamai masu zagaya ƙauyuka. Ƙudan tsando ya hana dawaki nisa cikin dazukan kudu fiye da yadda kowace ganuwa ta hana su. Damina kuma na tsayar da yaƙi, domin mayaƙin shi ne manomin. Bauta ma, wadda rinji da gandu suka dogara da ita a ƙarni na 19, wasu wasanni sun share ta, wasu sun mayar da ita lamba a gefen allo.

Akwai masu kuskuren ta ɗaya gefen, waɗanda da zarar an rage wa Hausawa ƙarfi a sabuntawar wasa sai su ce makirci ne. Masu wasa daidaita ƙarfi suke yi don kada kowa ya riƙa zaɓen al'umma ɗaya, kamar yadda a dara kowa ke farawa da 'ya'ya daidai. Ana yi wa Faransa da Ingila irin wannan ragin. Kuma labarin da ake yaɗawa cewa wata tangarɗa ce a Civilization na 1991 ta mayar da Gandhi mai son nukiliya, Sid Meier da ya ƙirƙiri wasan ya musanta shi.

Gine-gine ne wurin da ya fi sauƙin bincikawa. Masallacin Djenne da wasanni ke ba Mali a tsakiyar zamani, surar ginin 1907 ce. An yi masallaci a wurin tun ɗaruruwan shekaru kafin nan, amma ba wannan da kake gani ba. Kafin ka kafa hujja da gini, duba yaushe aka yi shi da kuma sau nawa aka sake shi. Bayanin tarihi da wasan ke bayarwa a ciki yana da amfani wajen tattara sunaye, sai ka fita da su waje. A nan Sakkwato akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da takardu da kayan yaƙi na gaske, akwai sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kangon Surame da na Alƙalawa duk a cikin jihar suke. Wanda ya taka ganuwar dutsen Surame da ƙafarsa zai gane girman abin da Kanta ya gina, kuma wasannin da muka lissafa ba su ba shi kujerar shugaba ba.