Ga mai son shuka imphepho

'Yan uwa masu lambu, duk wanda ya samu imphepho, furen nan mai ruwan ɗorawa na tsaunukan Afirka ta Kudu da Lesotho, kada ya cika masa ruwa. Na farkon da na shuka, ban-ruwa safe da yamma ne ya ruɓar da saiwarsa, ganyen ya yi laƙwas. A gangaren dutse ya saba tsirowa, don haka ku gauraya ƙasar tukunyar da yashi da tsakuwa, ku huda gindinta, ku ajiye inda rana ke bugawa. Kafin ban-ruwa, tsoma yatsa a ƙasar tukuna. In da danshi, ƙyale shi. Reshe ake yankowa a dasa. 'Yan ƙabilar Zulu na Afirka ta Kudu kan dafa ganyen saboda tari da mura, su turara busasshen. Furen kuwa, a rataye shi a inuwa, kai ƙasa. Launinsa na daɗewa.