Yadda Ake Tara Tsofaffin Akwatunan Ado Ba Tare Da An Sayi Jabu Ba

Yawancin masu fara tara tsofaffin ƙananan akwatunan ado suna yanke shawarar saye tun daga kallon murfi, alhali murfin shi ne wurin da mai yin jabu ya fi ɓata lokaci a kai. Shekarun akwati ana karanta su ne a gindinsa, da cikinsa, da ƙarfen da ya haɗa murfi da jiki, kuma wanda bai koyi duba waɗannan wurare ba zai cika kanta da kayan da aka ƙera shekaran jiya.

Da farko mutum ya tsayar da iri ɗaya da zai bi. Dillalai sun raba kayan kashi biyu: wanda ya kai shekara 100, shi ake ɗauka a matsayin kayan tarihi, sai wanda ya haura shekara 20 amma bai kai ɗari ba. A cikinsu akwai akwatin ganyen shayi na Ingila na ƙarni na 18 da na 19, wanda ake sa wa makulli saboda tsadar shayi a lokacin. Akwai battar tabar shaƙa ta azurfa, da akwatunan tangaran na birnin Limoges a Faransa, inda sana'ar ta kafu bayan an gano farar ƙasar yin tangaran kusa da birnin a 1768. Akwai kuma na Rasha masu baƙin shafe mai ƙyalli daga Fedoskino, inda aka fara yin su a 1795, da Palekh, inda masu zane suka kafa ƙungiyarsu a 1924. Ni a ganina mai farawa ya fara da na katako, domin katako ba ya iya ɓoye shekarunsa kamar yadda tangaran ke yi, kuma kuskure a kansa bai cika cin kuɗi mai yawa ba.

Kafin a je gwanjo ko wurin dillali a tanadi ƙaramar tocila, da madubi mai ƙara girman abu, da ɗan maganaɗisu. Idan akwati ya zo hannu, a kife shi tukuna. Masu ƙira na dā ba su cika yi wa gindi shafe ba, saboda haka katakon wurin yakan yi duhu da kansa, wani gefe ya fi wani, kuma gefuna su goge saboda ja a kan tebur. Gindin da launinsa ya zo daidai daga wannan kusurwa zuwa waccan, mai yiwuwa rini aka shafa masa. Idan aka hango katakon kamfani mai falle-falle a ciki, da wuya akwatin ya zama na ƙarni na 18 ko na 19.

Daga nan sai a buɗe murfin a haska sukurorin da suka riƙe ƙarfensa. Tsohon sukuru tsaga ɗaya gare shi a ka, wani lokaci ma tsagar ba ta tsaya a tsakiya ba. Mai tsaga biyu da suka gitta juna bai shigo kasuwa ba sai a shekarun 1930, don haka ba zai zama na asali a akwatin ƙarni na 19 ba. Sai dai a nan ne masu farawa suke yin gaggawa ta ɗaya gefen, su yar da akwati na gaske saboda sabon sukuru ɗaya. Akwatin da ya shekara 150 ana buɗe shi ana rufewa ba abin mamaki ba ne a ce an taɓa gyara shi. Abin dubawa shi ne katakon da ke kewaye da ƙarfen: idan akwai tsofaffin ramuka da aka toshe, ko inuwar wani ƙarfe da ya fi na yanzu faɗi, gyara ne aka yi wa tsohon abu, wanda zai rage darajarsa kaɗan kawai. Idan kuwa sabon sukurun ya zauna cif a raminsa, babu alamar wani ya riga shi, to tare aka haife su da akwatin. Maganaɗisu kuma zai nuna ko ƙarfen tagulla ce zalla, domin ba ya kama ta, amma yana kama baƙin ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla.

Tsufan gaske yana bin hannu ne. Ana ganinsa a bakin murfi inda babban yatsa ke ɗagawa, da kewayen ramin mabuɗi inda aka yi ta kuskuren saka shi. Mai jabu yakan bubbuga akwati ko'ina, har da bayansa da babu hannun da ke zuwa. Haka ma ramukan ƙwaro: ramin da ƙwaro ya huda yakan karkace a cikin katako, allura ba za ta yi nisa ba, wanda aka huda da ƙusa kuwa miƙe yake sak. Idan aka ga sabon gari mai haske yana zubowa daga ramin, ƙwaron yana nan da rai, kuma kada a kusantar da akwatin da sauran kayan katako sai an magance shi.

Azurfar Ingila ta fi sauƙin tantancewa saboda hatimanta. Hoton zaki mai tafiya yana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, kan damisa alamar Landan ce, ankar jirgin ruwa ta Birmingham, sannan akwai harafi ɗaya da ke nuna shekarar da aka gwada ta. A kan tangaran da akwatunan Rasha madubi ne zai yi aiki: zanen hannu yana nuna sawun buroshi, wanda aka buga da inji kuwa ɗigo-ɗigo ne jere. Na Rasha na asali da dannanniyar takarda ake yin su, ba su da nauyi, kuma murfin yana rufuwa da tattausan sauti, ba ƙarar roba ba.

Duk akwatin da ke da hauren giwa ko ƙoƙon bayan kunkurun teku a bar shi inda yake. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashe suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, Birtaniya ta ƙara tsaurara nata da dokar 2018, kuma ɗan guntun haure a bakin makulli ya isa ya sa jami'an kwastan su riƙe kayan.

Bayan saye, kada a wanke, kada a goge da yashin takarda, kada a sake fenti. Duhun da shekaru suka bari a jikin katako shi ne rabin abin da aka biya kuɗi a kai. Busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar, sai ɗan kakin zuma sau ɗaya a shekara ga na katako kawai. A ajiye su nesa da taga, domin rana tana kashe launin shafe, kuma nesa da danshi da zafin wuta, waɗanda ke ɗaga siririn katakon da aka liƙa a sama. Idan wani ɓangare ya ɓalle a sa shi a ambulan a cikin akwatin maimakon a liƙa da gam na zamani. A rubuta ranar saye da abin da dillali ya faɗa a ƙaramar takarda, mabuɗin kuma a ɗaure shi da zare a ajiye daban, kada a kulle tsohon makulli da shi don gwaji.