Darasi na Bakwai: Sa Katin Ƙarin Faifan Ajiya a Kwamfutar Tebur

'Yan'uwa, babban allon da ke cikin kwamfuta yawanci yana da bakin haɗa faifan ajiya huɗu ko shida. In sun cika, sai a ƙara kati. Akwai wani mai suna LSI 9211-8i, bakinsa biyu, kowane baki yana ɗaukar faifai huɗu, takwas ke nan. In za ka Circle, wurin masu sayar da kayan kwamfuta a Accra, saye, ka ɗauki hoton bayan kwamfutarka a waya, domin ƙarfen da ke riƙe katin akwai dogo, akwai gajere.

Kashe kwamfuta, ka zare filogi daga bango. Ko an ɗauke wuta a Nima gaba ɗaya, zare shi, dumsor, wato wutar nan mai ɗaukewa da dawowa, ba ya sallama in zai dawo. Danna maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10, sauran wutar ta fita. Buɗe murfin gefe. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kati, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wuta. Riƙe katin ta gefensa.

Duba allon, za ka ga ramuka masu tsawo, sunansu PCIe. Katin nan x8 ne, yana shiga ramin x8 ko x16, wato dogayen. Gajeren nan na x1 ba nasa ba ne. Kwance ƙarfen da ya rufe bayan ramin, ka ajiye sukurun a murfin kwalba.

To, nan ne wurin. A ƙasan katin akwai haƙora masu ruwan zinariya, da giɓi ɗaya a tsakaninsu. Daidaita giɓin da tudun da ke cikin ramin. Sa manyan yatsunka biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ka danna tare, kai tsaye. Danna har haƙoran su nutse. Kada ka ji tsoro Baba, ba zai karye ba. Haska tocila. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo? Bai zauna ba. Zare, ka sake.

Sake dubawa bayan ka ɗaure sukuru, domin ɗaurin yakan ɗaga bayan katin. Haƙoran su nutse, gaba da baya.

Haba jama'a! Mako uku ana faɗin abu ɗaya, har yanzu mutum ya ɗora kati kamar hula a kan ƙusa, ya ce an sayar masa da matacce. Katin lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka danna ba.

Darasi na Takwas: Wayoyi

Wayar sunanta SFF-8087, kai ɗaya, wutsiya huɗu. Kan yana shiga kati, kowace wutsiya faifai ɗaya. Ka ce wa mai shago wadda ke fita daga kati zuwa faifai kake so, akwai mai kama da ita da ba ta yi. Kowane faifai kuma yana son tasa wayar wuta, mai faɗin baki.

Darasi na Tara: Kunnawa

Rufe murfi, sa filogi, kunna. Katin yana zafi, a sa fanka kusa da shi. In faifai bai fito ba, zare filogi, ka koma kan haƙoran nan.